Rabon Likita

Duk wanda ya san Kawu Issufu ya san ba ya gaisawa da mutanen gida sai ya fara gaisawa da gyaɗarsu. Zai jingine mobilet ɗinsa, ɗan babur ɗin nan, a zaure, ya yi sallama, kafin a amsa ya riga ya kai madafa. Ya buɗe kwano, ya ɗebi gyaɗa a tafin hannu, ya kai hanci, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu. In ta yi masa, ya mayar, ya ce, "Ina kwananku?" In ba ta yi masa ba, ya tsinci ƙwaya biyar ko shida ya ƙunshe a 'yar takarda, ya rubuta sunan mai gidan da alƙalamin bik, ya jefa a aljihu, sannan ya ce, "Ina kwananku?" Gaisuwar ɗaya ce, amma matan gida sun san bambancin.

Ranar sunan ɗiyata ta fari ma bai ɗaga mini ƙafa ba. An miƙo masa jaririya, ya ce a dakata. Ya je ya sansana gyaɗar kunu, ya dawo ya karɓi yarinya, ya yi mata addu'a, ya ce, "Yarinya lafiya lau. Gyaɗa kuwa da sauƙi-sauƙi."

Dokta Sani, kai da sauran waɗanda suka koyi aiki a hannunsa kun ce za ku haɗa ɗan littafi na tunawa da shi, tunda ya cika shekara da rasuwa. Kun roƙe ni in rubuto muku jerin rubuce-rubucensa na bincike: nawa ne, ina da ina aka buga su, wane ne ya ambace su. Ni matar gida ce, karatuna a kwaleji ya tsaya. Abin da ya haɗa ni da binciken shi ne ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma ni na buga su duka a mashin ɗinsa na rubutu, tsakanin azahar da la'asar, in na sauke tukunya. Shi ya sa har ya koma ga Allah bai kira ni Mariyama ba, sai Sakatare. Yawansu dai ban sani ba, shi ma bai sani ba. Na yarda in rubuta abin da na sani, bisa sharaɗi ɗaya da zan faɗa in na kai wurin.

Aikin Kawu ciwon daji ne, musamman na hanta. Tun da ya dawo daga karatu aka ajiye shi asibitin nan Damagaram, abin da ya hana shi sakat shi ne maza majiya ƙarfi da ake kawowa daga ƙauyuka, ciki a kumbure, hanta ta yi tauri kamar dutsen niƙa, kuma in sun zo an riga an makara. Ya zargi funfunar da ke kama gyaɗa in an adana ta da danshi. Ya yi ta rubutu a kai, ana bugawa a mujallun likitoci na ƙasashen waje. A lokacin, in masani ya karanta aikinka ya ji yana so, ɗan kati yake aiko maka ta gidan waya, ya roƙi kwafi. Da yawan katunan ake gane ana karanta mutum. Wasu likitocin har jera nasu suke yi a bangon biro, wato ofis.

Na Kawu kuwa matarsa, Inna Rakiya, ita ke cin moriyarsu. Da su take fifita gawayi, da su take kwashe shara. Wata rana wani babban baƙo ya zo daga Yamai, yana shan shayi a ɗakin Kawu, sai ya hango kati a ninke ƙarƙashin ƙafar tebur. Ya sunkuya ya karanta tambur ɗin, ya zabura.

"Dokta! Wannan fa daga babbar jami'a yake!"

Kawu ya ce, "Na sani. Shi ya sa na ba shi ƙafar da ta fi gurguncewa."

Amma kowa ya roƙa yana aika masa, a cikin tsohuwar ambulan da ya farke ya juya cikinta waje. Kun dai san maganarsa: "Takarda fuska biyu gare ta, kamar ɗan Adam. Sai dai ita duka biyun suna da amfani."

To, bari in zo kan Iya Gambo, don duk labarin nan nata ne. Kawu kan tafi da ni ƙauye a motar asibiti, saboda akwai gidajen da namiji ba ya shiga. A Droum muka tarar da wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli zaune a inuwar kuka, faifai a cinya, tana tsintar gyaɗa. Kawu ya tsuguna ya gaishe ta, bayan ya gaida gyaɗar, ya shiga yi mata bayani: funfuna, gubar da ido ba ya gani, yadda take taruwa a hanta. Ya yi ta zuba. Ita ko kai ba ta ɗaga ba.

Da ya yi shiru ta ce, "Ka gama, ɗan nan?"

"Na gama, Iya."

"Shekara nawa ka yi a ƙasar Nasara?"

"Tara."

"Don ka koyo wannan?"

"Har da wannan."

"Kai, an cuce ka. Da nan ka zo, wuni ɗaya ya ishe ka, har ka taya ni ɓara."

Sai ta nuna masa wani ɗan ƙoƙo a gefenta. Wadda ta yamutse, wadda launinta ya sauya, wadda in an fasa ake ganin ƙura-ƙura a cikinta, duk nan take jefa su. Ta ce sauran mata a ƙuli suke zuba irin wannan, tunda suya na ɓoye ɗaci, ko su ba yara su tauna. Ita ko kaji ba ta ba, tun shekarar da ta watsa wa 'yan tsakinta suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta shanya a ƙasa, sai a kan rumfa. Ba ta ɗura a buhu sai ta girgiza kwanso ta ji ƙwayar na amsawa daga ciki. Ta ce uwarta ta koya mata wasu, wasu kuma asara ta koya mata.

Kawu ya zauna dirshan a ƙasa da farin wandonsa, ya fito da kaye, littafinsa na rubutu, ya rubuta har la'asar. Daga ranar ya ƙara mata suna, Farfesa. Shekarun da suka biyo baya, aikinsa shi ne ya kawo wadda ta tsince da wadda ta bari, ya gwada su a labo, ɗakin gwaji na asibiti. Idonta da na'urarsa kusan kullum bakinsu ɗaya. In suka saɓa, na'urar yake fara dubawa.

Sai fari ya zo. Waɗanda suka gani ba sa bukatar in faɗa, waɗanda ba su gani ba kuma Allah kada ya nuna musu. Gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Mutanen arewa suka sauko da abin da ya rage na dabbobinsu, suka yi sansani a bakin gari. Gyaɗar da ta kwana biyu a gindin rumbu, wadda a da ko akuya sai ta yi shawara, ita ta zama abinci.

A ƙauyen Dakusa Kawu ya tara magidanta ya ce musu duk wadda ta yi funfuna a zubar. Wani dattijo ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Likita, ciwon nan naka, shekara nawa yake ɗauka kafin ya kashe mutum?"

"Yana iya kai shekara goma, ko fiye."

"To, yunwa mako biyu take ɗauka. Ka ce masa ya bi layi."

Muka juyo gida ni da Kawu. Bayan kwana uku ya sayar da motarsa, kun ji asalin mobilet ɗin nan da kuke yi wa dariya. Ya cika ɗakin baƙi da gero, ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗarsa ya kawo, za a auna masa gero, tiya da tiya. Ikon Allah! Kafin wata ya ƙare, geron ɗakin baƙi yana sauka, ruɓa tana hawa. Gidan ya ɗauki wani irin wari, har maƙwabta suka daina aron turmi.

Inna Rakiya ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta riƙe ƙugu. "Malam, duniya na ɓoyon hatsi, mu muna ɓoyon ruɓa? Me zan ce wa dangina in sun zo?"

"Ki ce musu su zo da tasu."

"To ko hura wuta ka bar ni in yi da ita, itace ya yi wuya."

Ya yi tunani ya ce, "A waje, kuma kada ki tsaya kan hayaƙin." Daga baya yakan ce wannan ne kaɗai binciken da suka yi tare, kuma shi ne ya fi saurin ba da sakamako.

Maƙwabcinsu Malam Habu, Allah ya jiƙansa shi ma, ya duba ya ga tasa gyaɗar lafiyayya ce, ga shi 'yar kaɗan, ga iyali. Sai ya yayyafa mata ruwa, ya rufe da buhu a bayan ɗaki, ya jira ta yi gashi, ya ɗauko ya shiga layi. Kawu ya kai hanci, ya lumshe ido, ya buɗe.

"Malam Habu, wannan funfunar kwananta huɗu. Ta Allah ba haka take wari ba."

Malam Habu ya sunkuyar da kai. Kawu ya auna masa gero, ya ƙara masa rabin tiya, ya rage murya ya ce, "Gobe ka zo da kwanon kawai. Kada ka sake ɓata gyaɗa, kana rikita mini bincike."

Tun daga lokacin, in mata na tsinta suka ci karo da yamutsattsiya, sai su jefa gefe su ce, "Wannan rabon likita ne."

Da ruwa ya dawo, Kawu ya zauna ya haɗa duk abin da ya tara a rubutu ɗaya, mafi girma a rayuwarsa. Wata uku ina bugawa, da karbon biyu, har yatsuna suka yi kanta. Wani tsohon malaminsa a Faransa ya rubuto cewa in wannan ya fito a babbar mujalla, kujerar farfesa ta Kawu ce, ba mai ja. Inna Rakiya har ta fara tambayar yadda haya take a Yamai.

Ranar da na zo shafin farko, ya tsaya a kaina ya ce, "Sakatare, sunan marubuta. Rubuta: Gambo. Waƙafi. Sannan nawa."

Na ɗaga hannu daga mashin. "Kawu, Iya Gambo?"

"Kin san wata Gambon?"

Aka aika. Bayan wata biyu amsa ta zo cikin ladabi: aikin ya yi kyau ƙwarai, amma wannan marubuciya ta farko, mene ne digirinta, a wace cibiya take aiki, ina adireshinta, ina sa hannunta? Kawu ya ce in buga: digiri, shekara arba'in a bakin kasko. Cibiya, inuwar kuka. Adireshi, Droum, a tambayi mai ƙuli. Sa hannu kuwa da kansa ya kai mata takardar, ta dangwala yatsa. Ba tawada a kusa, sai baƙin tukunya da man gyaɗa. Ya ce ya fi tawada daɗewa.

Takardar ta dawo karo na biyu. Malaminsa ya rubuto da hannunsa, yana lallashi: a sauko da sunan ƙasa, wurin godiya, da kalmomi masu daɗi, shi ke nan, a buga. Layi ɗaya ne kawai za a matsar. Inna Rakiya ta yi magana, abokan aiki suka yi, limamin unguwa ma an turo shi, ya fito yana cewa shi dai gyaɗar gidansa aka yi masa tambaya a kai.

Nan ne na yi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Na nemi izinin maigidana, na shiga motar kasuwa ni kaɗai na tafi Droum, na kwashe komai na faɗa wa Iya Gambo. Na ce mutumin nan ya ba da motarsa, ya ba da geronsa, yanzu zai ba da kujerarsa, kuma ke kaɗai yake jin maganarki. Ranar kasuwar da ta biyo baya sai ga ta a bironsa na asibiti, da sandarta. Ni kuma ina gefe ina yi kamar ina gyara takardu.

"Ɗan nan, an ce saboda ni aka hana ka sarauta."

"Ba sarauta ba ce, Farfesa, kujera ce."

"To cire sunan ka zauna. Sunan nan ko mijina bai taɓa kiransa ba har ya mutu, ni ce uwargida, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba."

Kawu ya cire tabarau ya ce, "Iya, da zan ɗebi ƙulinki in kai kasuwa in ce ni na soya, me za ki kira ni?"

"Ɓarawo."

"To."

"Amma ai ba wanda zai yarda. Dubi hannunka, ko wuta bai taɓa gani ba."

"Su can za su yarda, Iya. Abin da ya hana ni ke nan. Kuma akwai ranar da za a tambaye ni, a wurin da ba a ajiye godiya a ƙasan shafi."

Sai ta ce, "Allah ya shirye ka. Tunda na zo, duba mini gwiwar nan."

"Ba fannina ba ne."

"Karatun shekara tara, gwiwa ɗaya ta gagare ka?"

Ya duba gwiwar. Da ta tafi, zan fita ke nan sai ya ce, "Sakatare, yashin Droum ja ne. Ki riƙa kakkaɓe takalmi."

Ya sake aikawa yadda take. Ta dawo karo na uku, ba wasiƙa a ciki. Kujerar aka ba wani. Bayan shekaru, Dokta Sani, kai ka shigo da wata mujalla a hannu kana huci, wasu a wata ƙasa sun buga kusan abin da Kawu ya gano, ba sunansa ko a gefe. Ka tuna? Ya karanta daga farko har ƙarshe, ya ninke, ya miƙa maka ya ce, "Sun yi ƙoƙari. Sun kusa kamo Iya Gambo."

Wata rana ya zo gidana, gyaɗata ba ta yi masa ba, ya fito da 'yar takarda zai ƙunshe. Sai na hango bugun mashin a bayanta, har da harafin nan da ke tsalle sama da layi. Shafi ne daga babban rubutun. Ya yayyanka shi duka, da kwafi na biyu, yana ƙunshe gyaɗa. Wallahi sai hawaye. Na ce, "Haba Kawu! Wata uku fa!"

Ya ce, "Fuska ta biyu ce, Sakatare. Ta farko ta ƙi aiki."

Abin da ban faɗa masa ba, kwafi na uku yana wurina. Tun ranar da takardar ta dawo karo na biyu na naɗe shi a zane na ɓoye ƙarƙashin kwanonin jerena. Na ɗauka bai sani ba. Sai a ciwonsa na ƙarshe, ina ba shi kunu, ya ce, "Abin nan da ke ƙarƙashin kwanoninki, ki riƙa fito da shi yana shan iska. Gara ba ta jin Faransanci, ba za ta san darajarsa ba."

Kun tambaye ni wane ne ya ambaci aikinsa. Na masana ban sani ba, katunan sun ƙare a murhu. Amma kwanan baya ina zaune jikata na taya ni tsinta, yarinyar da aka haifa bayan ya daina zuwa ƙauye, ta jefa wata ƙwaya gefe ta ce, "Rabon likita." Na ce wane likita? Ta ce, "Oho, haka ake cewa." Na ji ana faɗar haka a kasuwa, na ji a gidan biki a unguwar Kara-Kara, na ji daga bakin matan da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. In akwai inda ake rubuta irin wannan ambaton, ku rubuta.

Ranar sadakar uku, Iya Gambo ta zo. An ɗauko ta a amalanke har bakin hanya, sannan mota, ido ya yi rauni, baya ya lanƙwashe. Ta ajiye tiya guda ta gyaɗa tsintacciya, ta ce a yi masa sadaka. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙulli, ta miƙa wa Inna Rakiya.

"Ga rabonsa. Da hannu na lalubo, ido ya ƙi."

Inna Rakiya, wadda ta yi shekara da shekaru tana faɗa a kan ruɓa, ta karɓa da hannu biyu. Ta kwance, ta kai hanci, ta lumshe ido. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta saka a aljihun farar rigarsa da ke rataye a ƙusa. Tana nan har yau.

To, ga sharaɗina. Kwafi na uku yana tare da wannan takarda, gara ba ta taɓa shi ba. Ku buga shi a ƙarshen ɗan littafin naku, shafin farko yadda ya ce in buga shi: Gambo, waƙafi, sannan nasa. In wani ya tambayi adireshi, yana nan yadda yake, kukar ba ta faɗi ba. Ku yi sauri, ina so in kai mata da kaina in karanta mata tun tana ji, ko da za ta ce an ɓata takarda.

Allah ya jiƙan Kawu Issufu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Geron da ya auna wa mutane ranar da babu, Allah ya auna masa da mudun da ba ya ƙarewa. Haƙƙin da ya ƙi ci, Allah ya sa ya tarar da shi yana jiransa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.